Yadda Ake Zaunar Da Yaro A Mota Ba Tare Da An Jefa Shi Cikin Haɗari Ba

Iyaye da yawa na ganin babu wurin da ya kai cinyar uwa aminci ga jariri a mota. Ba haka ba ne. Idan mota ta yi karo tana gudun kilomita 50 a awa, yaron zai fizge da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, babu hannun da zai iya riƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota shi ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Da farko a zaɓi kujerar mota ta yara da ta dace da nauyi da tsayin yaron. Ana rubuta iyakarsu a jikinta.

Jariri ya zauna yana fuskantar baya, aƙalla har shekara 2, in kujerar ta ɗauke shi ma ya wuce haka. Kansa ya yi wa wuyansa nauyi. Idan yana kallon baya, kujerar ce ke tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Kada uwa ta damu don ƙafafunsa sun lanƙwashe, yara ba sa jin wannan. Kuma kada a taɓa ɗora irin wannan kujera a gaba inda jakar iska (wadda ke kumburowa lokacin karo) ke aiki, bugunta na iya kisa.

A kafa kujerar a baya, da bel ko da maƙalan ISOFIX (ƙarafan maƙala kujerar yara da ke jikin kujerar wasu motoci). A kama ta daidai inda bel ya ratsa, a jijjiga: in ta motsa fiye da santimita 2.5, a sake kafa ta.

Ana yawan yin sakaci wajen ɗaure yaron kansa. A cire masa rigar sanyi mai kauri, don takan lotse lokacin karo ta bar madauri sako-sako. A ja madaurin har sai an kasa tsunkule shi da yatsu a kafaɗa. In akwai maɓallin ƙirji, ya tsaya daidai hammata. Bargo kuwa daga sama ake rufawa.

Da ya girmi kujerar madauri, sai kujerar ƙarin tsayi, wadda ke ɗaga shi don bel ɗin mota ya zauna masa daidai, har ya kai kusan santimita 145. Bel ya bi ta kafaɗa da saman cinyoyi, kada ya hau wuya ko ciki, kada kuma yaro ya tura shi ƙarƙashin hammata. Duk wanda bai kai shekara 13 ba ya zauna a baya, a kuma saka makullin yara na ƙofa.

Kujerar da ta taɓa shiga mummunan haɗari a jefar da ita, ko da ba a ga tsagewa ba.