Yadda ake katse jakar iskar mota kafin gyara da yadda ake mayar da ita

Bakanike ko mai rewaya a garejin Ƙofar Ƙaura a Katsina da zai kwance sitiyari, inda jakar iska take, wato jakar da ke kumbura ta kare direba idan an yi hatsari, ya fara miƙar da ƙafafun gaba, ya kashe mota, ya zare makulli ya sa a aljihu. Sannan ya kwance kan batir mai alamar ragi, ya naɗe shi da tsumma don kada ya koma ya taɓa wurinsa.

A nan ne yara masu koyon aiki suke gaggawa, alhali kwakwalwar jakar, wato na'urar da ke sarrafa ta, tana riƙe sauran wuta bayan an cire batir. Toyota ta ce a jira aƙalla daƙiƙa 90, Honda minti 3. Minti 10 ya fi kwanciyar hankali. Bayan haka a zare soket mai launin rawaya, domin shi ne na jakar, kuma kada a kusantar da mita ko fitilar gwaji gare shi, saboda ƙaramar wuta ta isa ta fasa jakar. A ɗauki jakar fuskarta na kallon nesa da jiki, a ajiye ta fuska sama a inuwa, nesa da walda da ranar Katsina.

Wajen mayarwa, a ɗaure jakar, a danna soket har ya kulle, sannan a haɗa batir babu kowa cikin mota. A murɗa makulli daga gefe, kada ƙirji ya fuskanci sitiyari. Fitilar SRS, wato fitilar gargaɗin jakar iska da ke gaban direba, za ta kama kamar daƙiƙa 6 ta mutu. Idan ta ci gaba da ci, a sa kwamfuta ta karanta matsalar.