Yadda ake ɗaura wa kwamfutar gem na'urar sanyaya ta ruwa

Da zarar bazara ta kankama a Zariya, cikin Maris da Afrilu, zafin rana ya doshi digiri 40, sai samari su fara kawo mini kwamfutocinsu daga Samaru da Kongo. Kukan ɗaya ne: gem na tafiya lafiya, sai ya fara tsinkewa, can kuma na'urar ta mutu da kanta. Yawancinsu sun riga sun sayi na'urar sanyaya ta ruwa, wadda ake kira AIO, sun ɗaura da hannunsu. Kayan lafiyarsu ƙalau, a wajen ɗaurin ne aka kuskure.

Ka fara sanin abin da ka saya. Ruwan ba ƙanƙara ba ne, ɗan dako ne kawai. Famfo yana tura shi ya ɗauki zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya bi ta tiyo ya kai lagireto, fankoki su hure. In ɗakinka na kan digiri 35, ruwan ba zai taɓa sauka ƙasa da 35 ba. Don haka ka daina gwada lambobinka da na Baturen YouTube da ke zaune a ɗaki mai sanyi.

Girman lagireto kuwa, ni a wurina daga milimita 240 ake farawa. Mai 120 asarar kuɗi ne, gara ka sayi ta iska mai fanka biyu irin Thermalright Peerless Assassin, ta fi araha kuma ba ta da famfon da zai mutu. In furosesa Core i7 ko Ryzen 9 gare ka, nemi 360, amma ka auna akwatin kwamfutar tukuna. Kafin ka tura kuɗi a sako maka daga Legas, ka sa mai shago ya ɗauko maka hoton ƙarafunan ɗaurin, ka tabbatar akwai na soket ɗinka, wato mazaunin furosesa, ko LGA1700 ne ko AM4 ko AM5. 'Yar gwanjo kuma ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin ruwan ciki yana raguwa a hankali shekara bayan shekara, kai kuma ba ka san shekarunta ba.

Yanzu ga wurin da ni kaina na sha kashi. Kowace AIO akwai 'yar iska a cikinta tun daga kamfani, ba a cika ta maƙil. Iska kuwa sama take nema. Duk inda ya fi tsayi a hanyar ruwan, nan kumfar za ta je ta zauna. A yawancinsu famfon yana cikin kan da ke zaune bisa furosesa. Idan ka bari shi ne ya fi kowa tsayi, iskar za ta taru a cikinsa, ya riƙa juyawa a bushe.

Tawa ta farko a ƙasan akwati na kwantar da lagireton, don na ga akwai fili kuma ya yi mini kyau ta gilashi. Bayan mako biyu na fara jin wani ƙulu-ƙulu kamar ana zuba ruwa daga buta, daga baya ya koma kaɗe-kaɗe kamar tsakuwa a gwangwani. Na ce fanka ce, har na canza biyu. Ranar da abin ya ƙare, na taɓa tiyo ɗaya na ji shi da zafi daf da furosesa, ɗayan kuma sanyi ƙalau, lagireton ma ko ɗumi babu. Ruwan ya tsaya cak, famfo ya tafi, ko wata biyar bai cika ba.

To, ka ɗaura lagireto a rufin akwatin, shi ne mafi kwanciyar hankali, kumfa ta hau can ta zauna abinta. In rufin bai ɗauka ba, sa shi a gaba a tsaye, bakin tiyo na kallon ƙasa. In tiyon bai kai ba dole ya koma sama, babu laifi muddin ƙololuwar lagireton ta fi famfon tsayi, sai dai wani lokaci ka ji ɗan ƙarar ruwa. A ƙasan akwati kam, kada ma ka gwada.

Kafin ka ɗora kan a bisa furosesa, juya shi ka duba tagullar. Sau da yawa akwai leda siririya manne a kai, ko murfin roba. Na cire wa mutum uku wannan ledar a bazarar bara, ɗayansu har ya fara cigiyar sabuwar furosesa. In an riga an shafa man jan zafi daga kamfani, kar ka ƙara. In babu, ɗiga Arctic MX-4 kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurori huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su tsaya.

A jikin babban allon kwamfutar, wayar famfo ta shiga ramin da aka rubuta wa AIO_PUMP, ta fankokin lagireto ta shiga CPU_FAN, in ba haka ba wasu allunan za su tsaya maka da gargaɗi tun wajen kunnawa. A BIOS, wato shafin saitin allon da ake shiga wajen kunnawa, ka bar famfo yana gudu sosai ba sauyi, fankoki ne za su riƙa hawa da sauka.

Sai gwaji. Buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi, saki Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, na minti goma da tsakar rana, ba da asuba ba. Iyakar yawancin Intel digiri 100 ce, yawancin Ryzen 7000 kuwa an ƙera su su kai 95 a aiki mai nauyi, kada wannan ya firgita ka. Amma in kana kunnawa furosesa ta tsallaka 90 ba ka buɗe komai ba, kashe, koma kan leda da wayar famfo.

Ƙurar hunturu takan toshe haƙoran lagireto har su yi kamar an shimfiɗa musu bargo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk wata ka fitar da akwatin tsakar gida ka hure da bulowa, ka riƙe fukafukan fanka da yatsa kada su juya. Ka ɗora shi a kan tebur, ba a kan kafet ba, ka bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da bango.