Kurakuran da muke yi idan ɗan wasa ya ji rauni a zari-ruga

Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, mu da ke taruwa daga Agege da Idi-Araba muna tirenin ɗin zari-ruga (wato rugby) ranar Asabar. Da zarar an ɗauke mana gwani ɗaya daga fili sai ka ga gwiwar kowa ta yi sanyi, an daina kiran juna, kai ka ce an riga an hura tashi.

Babban kuskuren tun a tirenin ake yinsa, wato koci ya ɗora komai a kan mutum ɗaya, shi ne mai bugu shi ne mai tsara wasa, 'yan benci kuma sai ɗaukar ruwa. Ku tuna Niyu Zilan a kofin duniya na 2011, Dan Carter mai lamba 10, wato mai tsara musu wasa, ya ji rauni a atisaye, Colin Slade da ya maye gurbinsa ya bi bayansa, Aaron Cruden ya fita ana tsakiyar wasan ƙarshe, sai ga Stephen Donald wanda yana can yana kamun kifi aka kira shi, na huɗu a layi fa, shi ya buga fenaritin da suka doke Faransa 8-7. Mutumin ya san tsarin wasansu tun da can shi ya sa bai ruɗe ba. Don Allah koci, ko minti 20 ne a riƙa ba na benci lamba 10 yana jan ragama.

Sai watsi da mai jinya. Mutum ya yi targaɗe sati uku ba wanda ya leƙa shi, to sauran suna kallo, gobe wa zai sa kafaɗarsa tsakani da Allah? A barshi a guruf ɗin WhatsApp, a haɗa masa kuɗin mota ya zo ya zauna bakin fili. Handré Pollard rauni ne ya hana a sa shi a tawagar farko ta Afirka ta Kudu a kofin duniya na 2023, da abokin wasansa Malcolm Marx ya samu matsalar gwiwa aka kira Pollard ɗin, kuma duk maki 12 ɗin da suka ci kofi da su shi ya buga.

Wanda ya fi tayar min da hankali buguwar kai ne. Kwanaki wani ƙanenmu ya yi karo, ya miƙe yana kaɗe ƙura yana cewa "Yaya wallahi garau nake", amma sau uku yana tambayata nawa da nawa ake, idonsa kamar wanda aka tasa daga barci. Na cire shi, ya yi fushi da ni har bayan Magariba, ban damu ba. Wasu sai su ce ai Antoine Dupont na Faransa ƙashin kuncinsa ya tsage a wasansu da Namibiya a kofin duniya na 2023 amma ya dawo bayan sati uku da 'yan kwanaki. Eh ya dawo, amma tiyata aka yi masa, likitan da ya yi aikin ne ya ba shi izini, mu nan wa ya duba yaron? Ƙwararru ma akasari sai sun yi aƙalla kwana 12 a waje idan aka tabbatar ƙwaƙwalwa ta girgiza. In ka ga jiri ko amai ko mantuwa, ya bar fili ranar, kar a barshi ya hau okada shi kaɗai, wani babba ya raka shi asibiti.