Bashi a Amurka: in mai bin ka ya ce bai yarda a sauke maka ba

Ba zan ɓata lokaci a kan neman ɗaki da lasisin tuƙi da aikin farko ba. Alhamdulillahi, a wannan fannin jama'armu ba su da na biyu. Ka sauka New York, ka je Juma'a a Bronx ko Harlem, kafin a watse wani ya san mai ɗakin haya, wani ya san inda ake neman direba ko mai gadi. 'Yan zangon Nima da Kumasi, mutanen Nijar da ke Greensboro, 'yan Kano da Zariya, duk halinmu ɗaya, ba a barin baƙo ya kwana a titi. Inda muka gaza shi ne maganar bashi. Kunya ta hana kowa buɗe baki, sai abu ya lalace sannan a zo ana raɗa.

Bashin ƙasar nan a hankali yake shiga. Da ka fara aiki, tayin katin bashi ya cika maka akwatin wasiƙa. Ga mota da aka ba ka a kan ruwa mai tsada, ga takardar asibiti ta kwana ɗaya da ta fi albashin wata uku, ga gida ana ta bugo waya. Tsofaffin direbobin tasi sun ga abin da ya fi haka: lambar tasi ta New York, wato izinin aikin tasi da direbobi suke cin bashi su saya, ta haura dala miliyan ɗaya wajen 2014, sannan motocin haya na manhajar waya suka cika gari, farashinta ya faɗi warwas, bashin kuwa yana nan daram.

Dokar Amurka ta buɗe wa wanda bashi ya durƙusar ƙofa, wato kotun tarayya ta karayar arziki, kuma ba sai kana ɗan ƙasa ba. A Babi na 7 na dokar karayar arziki ana sayar da abin da doka ba ta kare maka ba a raba wa masu bin ka, sauran a sauke maka. A Babi na 13 kana biya da kaɗan-kaɗan shekara uku zuwa biyar. Kuɗin shigar da Babi na 7 dala 338 ne, kuma tun 2005 sai ka yi ɗan kwas na shawarar bashi kafin ka shigar. Da takardunka sun shiga, kiran waya da yankan albashi sun tsaya. Iya nan sababbin zuwa suke ji a bakin abokai: "Je ka shigar kawai, za a goge komai." Wannan maganar tana ƙona mini rai, domin rabin labari ce. Kuɗin ciyar da 'ya'ya, mafi yawan bashin karatu da harajin baya-bayan nan ba sa goguwa ko da ba wanda ya yi magana. Sauran kuma, mai bin ka yana da damar tashi ya ce bai yarda ba.

Kamar wata guda bayan ka shigar, akwai zaman da ake kira taron masu bin bashi. Alƙali ba ya zuwa. Amintaccen da aka ɗora wa shari'arka, wato jami'in da zai binciki dukiyarka domin masu bin ka, shi ne zai rantsar da kai, ya duba katin shaidarka, ya tambaye ka ko ka karanta takardun kafin ka sa hannu, ko ka lissafa duk abin da ka mallaka. Yanzu galibi ta Zoom ake yi, minti goma an gama, mutum ya ɗauka ya tsallake. Alhali daga ranar da aka fara sa wa wannan zaman, masu bin ka suna da kwana 60 su shigar da ƙorafi. Ƙorafin kala biyu ne. Ko dai mutum ɗaya ya ce bashinsa kaɗai kada a sauke domin da yaudara ka karɓa, ko kuma a ce kada a sauke maka ko sisi.

Kala na farko ni ya same ni. Mahaifiyata tana kwance ana jiran kuɗin tiyata, na je na ciri tsabar kuɗi da katin bashi na tura gida, ba da daɗewa ba kuma na shigar da takarduna. Ana saura kaɗan wa'adin ya cika sai ga farar ambulan mai kauri, a ciki akwai sammaci da takardar ƙara, sunana a sama a matsayin wanda ake ƙara, kalmar zamba ta fito a kusan kowane shafi. Na zauna a mota na karanta ta, hannuna yana rawa. Ashe doka ta ce tsabar kuɗin da ka cira da katin bashi cikin kwana 70 kafin ka shigar, in ya haura dala dubu da 'yan kai, ana ɗauka tun farko ba ka yi niyyar biya ba, kai ne za ka kawo hujjar akasin haka. Haka kayan ƙawa da ka saya a kan bashi cikin kwana 90, su adadinsu bai ma kai dala dubu ba. Lauyana ya ce kuɗin da na ba shi bai haɗa da wannan ba, domin sabuwar ƙara ce a cikin tsohuwa. Daga ƙarshe sulhu aka yi, na biya wani kaso a hankali. Shi ya sa in na ji yaro yana cewa bari ya ƙarar da abin da ya rage a katin tunda dai zai shigar, sai in ji kamar in riƙe masa hannu.

Kala na biyu ya fi muni, kuma a nan ne halinmu na kirki yake jefa mu rami. Takardar tana tambayar dukiyarka, kuma doka ta ce duk inda take a duniya, a hannun ko wane ne. Filinka na Kano, ginin da ka kai linta a Kumasi, shanun da kawunka yake kiwata maka, rabonka na gadon da ba a raba ba, duk suna ciki. Mutanenmu sai su ce, "Ina Bature zai san da fili a ƙauyenmu?" Zai sani. Amintaccen yana karanta bayanan asusunka layi-layi, ya ga kuɗi suna fita duk wata. Hoton ginin yana Facebook, kai da kanka ka sa. Kuma sau da yawa mai tona asirin na gida ne: matar da kuka rabu, ko abokin kasuwancin da ka riƙe wa kuɗi. Wanda ya mai da motarsa sunan ƙaninsa ko ya ɓoye wani abu cikin shekara guda kafin ya shigar, da nufin kada masu bin sa su samu, ya ba su makami. Haka wanda ya yi rantsuwar ƙarya. In alƙali ya hana saukewa a kan wannan, za a sayar da dukiyar duk da haka, bashin yana wuyanka, kuma ba za ka dawo wani sabon Babi na 7 a goge shi ba. Rantsuwar ƙarya a wannan kotu laifin tarayya ne, ɗaurinsa yana kaiwa shekara biyar, ga abin da zai jawo wa takardunka na zama. Ko an riga an sauke maka, in asiri ya tonu cikin shekara guda ana iya janyewa.

Sai zancen 'yan'uwa. Mutum ya ga zai shigar, sai ya ce bari in fara biyan yayana dala dubu ukun da ya ranta mini, kada zumunci ya ɓaci. Niyyar mai kyau ce, amma abin da ka biya ɗan'uwa cikin shekara guda kafin ka shigar, amintaccen yana iya bin sa ya karɓo, ka ga ka jawo wa yayanka ƙara. Wani kuma ya ƙi rubuta sunan yayan cikin masu bin sa domin kada wasiƙar kotu ta je gidansa, alhali ya rantse ya lissafa kowa. Ku saurara da kyau: doka ba ta hana ka biyan kowa da son ranka bayan an sauke maka ba. Wanda yake tsoron haɗuwa da Allah da haƙƙin wani, hanya a buɗe take, ya rubuta sunansa yanzu, ya biya shi daga baya da guminsa.

Adashi ma haka. Zubin da ka yi ba ka kwasa ba dukiyarka ce, in kuma ka kwasa kana kan zubi, bashi ne a kanka. Tura wa iyaye kuɗi ba laifi ba ne, amma takardar tana tambayar kyautar da ta haura dala 600 ga mutum ɗaya cikin shekara biyu, sai a faɗa. Mai bin ka yana iya ƙorafi a kan cewa ba ka ajiye lissafi ba, ko ka kasa bayyana inda kuɗi suka shiga. "Na aika gida" ba tare da rasit ba, ba amsa ba ce a gaban alƙali. Abin yana ba ni takaici, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, mu kuwa muna ganin neman takarda a wajen ɗan'uwa rashin yarda ne. Ku ajiye rasit ɗin tura kuɗi, ku roƙi uwar adashi ta ba ku hoton shafin littafinta.

Masu ba da aron suna su ma su ji. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Bartenwerfer da Buckley, kan wata mata da mijinta da suka gyara gida suka sayar a San Francisco, mijin ya ɓoye wa mai saye aibun gidan. Kotun ta ce bashin da zambar abokin haɗin gwiwa ta haifar ba ya sauka daga kanka ko da ba ka san an yi ba. Kafin ka yarda a sa sunanka a shago ko kamfanin tura motoci gida, ka san abin da ake yi da shi.

In har za ka shigar, nemi lauyan da wannan ne aikinsa, ka gaya masa komai, har abin da kake jin nauyin faɗa. Masu cike takardu a ofisoshin unguwa doka ta hana su ba da shawarar shari'a, in ƙara ta zo ba za su tsaya maka ba. Ka tambayi lauyan tun farko nawa zai karɓa in wani ya yi ƙorafi. In Turancinka bai zauna ba, ka nemi tafinta a taron, kyauta ne, ya fi ka ce "e" ga tambayar da ba ka gane ba alhali kana kan rantsuwa. In kuwa ambulan ɗin ta zo, kada ka jefa ta a aljihun mota. Kwana 30 gare ka daga ranar da aka fitar da sammacin ka ba da amsa, in ka yi shiru an yanke hukunci a bayanka. A mafi yawan ƙorafe-ƙorafe mai ƙarar ne zai kawo hujja, kuma kamfanin da ya zarge ka da zamba a kan bashin amfanin gida ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ya faɗi, alƙali yana iya sa shi ya biya kuɗin lauyanka.