Yadda ƙungiyar ƙauye za ta shiga haɗakar ƙungiyoyin kare muhalli ta ƙasa

Tun da aka ji an karɓi 'yar ƙungiyarmu cikin wata haɗaka ta ƙasa samari suke ta kirana daga ƙauyukan Gumel da Sule Tankarkar da Maigatari, kowa tambayarsa ɗaya ce, Malam ina ake samun fom ɗin? Ni kuma abin da nake ce musu kullum shi ne fom ba shi ne farko ba, fom ma ai shi ne mafi sauƙi a ciki, a waya za ka cike shi kafin shayinka ya huce. Ƙungiya nawa na gani da idona sun cike fom sun buga kyallen talla sun ɗinka riga mai tambari, shekara ba ta zagayo ba ko mitin ba sa iya haɗawa.

Ku fara sanin wa kuke nema. Akwai Nigerian Conservation Foundation, NCF, da aka kafa tun 1980, hedikwatarsu na Lekki a Legas amma mutanen Hadejia da Nguru sun san su saboda sun daɗe suna aiki a fadamun can, kuma suna karɓar mambobi. Akwai NNNGO, haɗakar ƙungiyoyin sa kai ta Najeriya, da ke nan tun 1992, ita kowace irin ƙungiyar sa kai take ɗauka ba ta muhalli kaɗai ba. Akwai wata haɗakar CSDevNet su kuma sauyin yanayi suka fi sa wa gaba. Waɗannan daban suke da hukumar Great Green Wall, ta dashen itace don tare hamada, da gwamnati ta kafa a 2015 don jihohi 11 da hamada ke ci, har da Kano da Jigawa, daban suke kuma da ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 na jihohin arewa 19 da Abuja. Waɗancan biyun ayyukan gwamnati ne, ba a zama mamba a ciki, duk wanda ya zo muku da fom yana cewa ku biya ya shigar da ƙungiyarku ku tambaye shi daga wane ofis, ku je ofishin da ƙafarku. Kuma ku cire wa ranku cewa shiga haɗaka kuɗi ne, galibi ma ku ne za ku riƙa biyan kuɗin mamba duk shekara. Abin da ake samu shi ne horo, da jin labarin dama kafin ta wuce, da wanda zai tsaya ya ce na san waɗannan yaran suna aiki.

To sai ku zaɓi aiki ɗaya tak. Ba shara da dashe da wayar da kai da tallafin marayu duk a takarda ɗaya ba. Idan kuna wajen Auyo ko Guri ko Kirikasamma kachala ce ta toshe muku hanyoyin ruwa, ita ce aikinku. Idan kuna wajen Ringim ko Miga kun san abin da ambaliyar 2022 ta yi, jinga da gyaran magudana sun ishe ku. Mu nan arewacin Jigawa iska da rairayi ne, saboda haka itace muka kama, kuma a kansa zan yi magana don shi na sani.

Fili kuma kar ku taɓa shi sai kun bi ta mai unguwa kun isa gaban dagaci, ku zauna a ƙasa ku ce ranka ya daɗe ga abin da muke so mu yi, a nuna mana inda ba rigima. Makabarta da makarantar firamare da filin idi sun fi komai, don ba mai cewa gonar ubansa ce. Burtali kuwa ko kusa, kuma ku je ku gai da ardo tun kafin ku haƙa rami ɗaya, wannan gaisuwar ta fi waya mai ƙaya amfani.

Yanzu ga inda muka faɗi, kuma nan nake so ku tsaya ku karanta da kyau. Shekararmu ta farko mun samo dashe 300, muka tsaya jiran baƙon da zai zo ya dasa na farko a ɗauki hoto, ana ta ɗaga rana ana ta ɗagawa har sai da muka shiga Satumba. Aka yi taro mai kyau, aka dasa, washegari na tura hotuna da takardar neman shiga. Sati uku ruwa ya ɗauke. Aka yi kaka aka saki dabbobi, darnin karan da muka yi gara ta ci gindinsa iskar hunturu ta kwantar da shi, awaki suka gama da sauran. Can cikin watan Maris sai ga waya daga wata baiwar Allah a ofishin haɗakar, wai za ta biyo ta wajenmu tana so ta ga wurin. Ta zo, ba ta ko tambayi satifiket ba, ta ce mu je mu ƙirga. Muka bi layi ɗaya bayan ɗaya ni da ita da sakatarenmu cikin ranar nan, 41 muka samu da rai. Ba ta yi mana faɗa ba, ta ce Malam ku sake gwadawa, in rani ya wuce ku kira ni. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba, saboda matan garinmu ne suka yi ta ɗebo ruwa ranar dashen, wata tsohuwa da muke kira Inna har da bokitinta, ni kuma na sa su wahala a banza saboda hoto.

Saboda haka dokata ita ce kar ƙungiya ta nemi shiga ko'ina sai itacenta ya ga bayan rani ɗaya. A dasa cikin Yuli in damina ta zauna, in an makara ƙwarai farkon Agusta, baƙo ya zo ko bai zo ba. A dasa abin da za a iya shayarwa, mu shekara ta biyu 80 kawai muka sa, muka raba wa mutum goma sha shida kowa biyar, sunanka na rubuce a kan naka in ya mutu kowa ya san na waye. Kariya a yi ta da ƙayar magarya ko ta aduwa wadda aka sassabo, ta fi kara nesa ba kusa ba, in kuna da hali ku zagaye da tubalin ƙasa ku bar ƙofofin iska. Ramin a zuba masa taki da ya ruɓe da ɗan toka saboda gara. Ruwa kuma ga dabara mai arha, robar lemo babba a huda ta ƙanana a gindi a binne kusa da saiwa, ka cika ta sau biyu a sati ta fi ka kwara bokiti a saman rairayi rana ta shanye. Maina da bagaruwa da kurna da dakwara su ne nawa, mangwaro sai a cikin gida inda ake wanke-wanke, turare kuma ni ba na yarda a sa shi kusa da gona don yana shan ruwa da yawa. In ma ba ku da kuɗin dashe gaba ɗaya ku yi abin da 'yan uwanmu na ƙasar Maradi suke yi tun shekarun 1980, wato in ana sharar gona kar a tumɓuke kututture mai toho, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran, duk wanda ya taɓa ƙetarawa ta Maigatari ya nufi Magarya ya ga yadda gawo ya cika gonaki. Wannan ma aiki ne da za ku nuna, kuma ko sisi ba ya ci.

Ku sayi littafi mai kauri ɗaya, ranar mitin da sunan waɗanda suka zo da abin da aka tara da abin da aka kashe, da ƙidayar itace duk ƙarshen wata. Hoto a tsaya wuri ɗaya a ɗauka ranar dashe, a sake a Disamba, a sake a Afrilu, da kwanan wata a jiki. Wanda ya mutu a rubuta ya mutu, kar a ƙara ko ɗaya, masu zuwa dubawa sun iya ƙirga.

Takardu kuma ku fara da rijistar ƙaramar hukuma, ita ce mai sauƙi kuma wasu haɗakar suna karɓar ƙananan ƙungiyoyi da ita, ku tambaya kafin ku kashe kuɗi. Ta CAC, hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, ita ce babba, ana yin ta ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, za a fara tantance suna, a kawo tsarin mulkin ƙungiya da amintattu da takardar mitin da aka zaɓe su, a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Jaridar nan da lauya su ne ke cin kuɗin, shi ya sa nake cewa kar ku yi ta a shekarar farko. Amintattu ku sa mutanen da za ku samu in kun ƙwanƙwasa ƙofa, ba babban mutum da ke Abuja wanda sa hannu ɗaya sai ku yi wata biyu kuna bi ba, kuma a duba sunan kowa ya dace da na NIN ɗinsa harafi da harafi. Banki za su nemi takardar SCUML, wato sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin su buɗe asusun ƙungiya, ita kyauta ce ta intanet. Kuɗin ƙungiya kar ya kwana a asusun ciyaman ko da ɗan uwanku ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Daga nan sai neman shigar. Ku buɗe imel da sunan ƙungiya mutum biyu su san lambar sirrin, ku shiga shafin haɗakar da kanku ku cike, ku haɗa shafi ɗaya na bayanin aikinku da hotuna ukun nan da ƙidaya. In Turanci ne matsala malamin firamare zai fassara muku, gajere ya fi. Ku nemi wakilinsu na jiha ko wata ƙungiya a Dutse ko Kano da ta riga ku shiga ta shaide ku. In an karɓe ku ku biya kuɗin mamba ku karɓi rasit, mitin na waya a samu mai caji da data ya hau tudu ya shiga, in an ba da gurbin horo kar ciyaman ya riƙa tafiya kullum a tura mace ko matashi, ranar 5 ga Yuni (ranar muhalli ta duniya) da 17 ga Yuni (ranar yaƙi da hamada) ku yi wani abu ko ƙarami ne ku tura musu rahoto. Mu a Afrilun shekara ta biyu na kira baiwar Allahn nan, muka sake bin layi, 67 cikin 80, a wajen ta ce in turo takardun.