Darasi na Bakwai: Yadda Ake Adana Takarda a Kwamfuta

Wannan darasi na iyaye ne da 'ya'yansu da ke sakandare, a zauna tare a yi shi. Yaro ya fi saurin hannu, amma uwa da uba su suka san inda kowace takarda take da irin wahalar da aka sha kafin a same ta.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, mun ga abin da rashin takarda yake jawowa. Mutanenmu da suka fito daga Hartum, da waɗanda suka baro Wad Madani a watan Disamba na wannan shekarar, da yawa sun iso nan Gadarif daga su sai tufafin jikinsu. Takardar haihuwa, raƙam waɗani (wato takardar lambar ɗan ƙasa), sakamakon makaranta, duk an baro su a akwati. Jarrabawar shahadar Sudan ma, wato ta kammala sakandare, sai a ƙarshen Disamba 2024 aka samu yin ta. Hoton takarda ba ya zama madadin ta asali, amma mai riƙe da hotonta yana da lamba da kwanan wata da hatimi da zai nuna in ya je neman sabuwa.

Allo da gafaka

Duk wanda ya yi makarantar allo, wadda ake kira halwa a nan, ya riga ya san rabin darasin. Abin da kake rubutawa a fuskar kwamfuta kamar rubutun allo yake: wuta na ɗaukewa ya wanku. Sai ka adana shi sannan ya zama rubutun takarda. Takarda ɗaya da aka adana ita ce fayil, da Larabci malaf. Wurin da ake tara fayiloli kuwa shi ne jaka, da Larabci mujallad, kamar gafakar da malam yake zuba warƙoƙinsa a ciki.

Buɗe Word, manhajar rubutu, ka rubuta layi ɗaya. Danne maɓallin Ctrl da yatsan hagu, kada ka ɗaga, sannan ka taɓa S. Kwamfuta za ta tambaye ka abu biyu: wane suna, kuma a ina. In da Larabci take, kalmar da za ka nema ita ce حفظ. Daga nan duk bayan ɗan rubutu sai ka sake danna Ctrl da S, ba za ta ƙara tambaya ba. Mun san halin wutarmu, ba ta sallama in za ta tafi. Ni dai a ajina ba na yarda ɗalibi ya kai layi biyar bai adana ba. In kuwa ka goge abu bisa kuskure, kada hankalinka ya tashi, Ctrl da Z za su dawo maka da shi.

Raɗa wa fayil suna

A nan aka fi yin sakaci. Ranar nan wata uwa ta zo da ɗanta neman hoton sakamakonsa.

"Ɗana, ba ka ce ka adana ba?"

"Na adana, Inna. Sai dai ban san wanne ne ba."

Hotuna fiye da yashi a wayar, kowanne sunansa lambobi ne zalla. Har aka kira magariba muna nema.

Suna mai kyau yana faɗin abu uku: mai takardar, irin takardar, da shekara. Misali: babban yaro, sakamakon aji biyu, 2022, sai ka sa sunansa na yanka a farko. Don canza sunan tsohon fayil, taɓa shi sau ɗaya da linzamin kwamfuta (maus), ka danna F2, ka rubuta sabon. Ka lura, Windows ba ta karɓar wasu alamomi a cikin suna, irin su / da : da ? da *. Saboda haka in za ka sa kwanan wata, raba shi da ɗan gajeren layi, kamar 15-04-2023. Kibod ɗinmu yana ɗauke da haruffan Larabci da na boko. Alt da Shift tare su ke juya shi daga wannan zuwa wancan. Na fi son a rubuta sunan yaro daidai yadda yake a raƙam waɗani, don kada a saba da rubutu biyu.

Sabuwar jaka kuwa, Ctrl da Shift da N. Kowane yaro a yi masa tasa.

Ɗaukar hoton takarda

Shimfiɗa ta a kan tabarma ko tebur, a inuwa mai haske, da hantsi ya fi. Kada ka kunna fitilar waya, tana ƙyalli a kan hatimi. Kusurwoyi huɗu su fito duka, in akwai rubutu a baya shi ma a ɗauka. Manhajar Google Drive tana da wurin ɗaukar takarda ta mai da ita PDF, wato fayil da ba ya sauya kama ko a wace na'ura aka buɗe shi. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin takarda, domin hoto matse shi ake yi har ƙananan lambobi su dusashe.

Wuri uku

Takardar da ke wuri ɗaya tak ba a adana ta ba tukuna. Waya tana ɓata, ana ƙwace ta a hanya, tana faɗawa ruwa. Don haka a yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta ko waya, ɗaya a filas (ɗan abin adana fayil da ake soka wa kwamfuta), ɗaya a intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabayit 15 kyauta, wanda ya ishi takardun gida guda har ya yi saura. Amma kada a dogara da intanet kaɗai. A Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke, ranar nan mai filas a aljihu shi ne mai takarda. Filas ɗin a ba Hajiya ta ƙulle a inda take ajiye abin da ba ta son ya ɓata. A kuma kiyaye: abin da aka goge daga filas yawanci ba ya zuwa kwandon shara na kwamfuta, ya tafi ke nan.

Kalmar sirri kuma amana ce. Kada ta zama sunan yaro ko shekarar haihuwarsa. A rubuta ta a takarda, uba ko uwa su riƙe. A ƙara wa adireshin Gmail ɗin lambar wayar wani amintacce na gida, ko Yaya da ke wani gari, don in layinku ya ɓata a iya dawo da adireshin. In a shagon kwamfuta kuka yi aiki, ku fita daga adireshinku, ku goge kwafin da ya rage a kwamfutar shagon, ku buɗe kwandon shara ku zubar kafin ku tashi.

Aikin gida

Yaro ya buɗe jaka da sunansa, uwa ko uba su kawo takarda guda biyu. A ɗauki hotonsu, a raɗa musu suna, a kwafa zuwa filas. Sannan a kashe kwamfutar a sake kunnawa, yaro ya naɗe hannu, babba ya nemo takardun da kansa. Ku zo da filas ɗin ranar darasi na takwas, za mu koyi cike fom da tura shi ta imel.