Yadda Ake Tattakin Zagaye a Dajin Ngel Nyaki da ke Tsaunin Mambila

Dajin Ngel Nyaki yana kusa da ƙauyen Yelwa a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, kuma tun shekarar 1969 aka keɓe shi a matsayin gandun da ba a yarda a sari itace ko a yi farauta a cikinsa ba. Tudun wurin ya kai mita 1,400 zuwa 1,600 daga gaɓar teku. Tattakin zagaye shi ne mutum ya shiga ta wata hanya ya ɓullo ta wata, har ya dawo inda ya tashi ba tare da ya maimaita sawunsa ba.

Da farko a zaɓi lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne ya fi dacewa, domin da damina ƙasar takan yi santsi, rafuka su cika, hazo kuma ya rufe gangaren. Wanda ya taso daga Jalingo zai bi ta Bali da Serti, sannan ya hau tsaunin daga Mayo Selbe, don haka gara ya kwana kusa ya fara tafiya da sanyin safiya.

Kafin a taka dajin sai a nemi izinin masu kula da shi, a kuma ɗauki ɗan jagora daga mutanen yankin. Wannan ba wurin tsumulmular kuɗi ba ne, domin hanyoyin shanu da na mutane sun sarƙe a bakin dajin, kuma baƙo ba ya bambance su. A zauna da jagoran a tsayar da mashiga da mafita da sa'o'in da za a ci, a sanar da wani a gari lokacin da ake sa ran dawowa, saboda waya ba abin dogaro ba ce a cikin kwari.

Guzuri kuwa kada ya yi nauyi: ruwa lita biyu ga kowane mutum, dabino ko gyaɗa, rigar sanyi, fitila, sanda, da takalmi sau-ciki mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi.

Abin da ya fi ruɗar baƙi shi ne yadda ƙasar take. Dajin yana kwance ne a jikin gangare, ƙasa da filin ciyawar da Fulani ke kiwo, saboda haka da gangarawa ake farawa, hawa kuma sai a ƙarshe, lokacin da gwiwa ta riga ta gaji, rana kuma ta take. Mai gangarawa yakan ji kamar tafiyar ba komai ba ce, sai ya saki jiki ya shanye ruwansa. Abin da ya kamata shi ne a gajarta taku, a dasa sanda kafin a sauke ƙafa, a kuma bar fiye da rabin ruwan domin hawa. In gangarawa ta ci sa'a ɗaya, a ware wa hawa biyu.

A cikin dajin a riƙa duban ƙasa. Idan aka ga baƙin layi ya ratsa hanya yana motsi, kwarkwasa ce. A tsallake ta da sauri, kada a tsaya a kanta, kuma tun farko a cusa bakin wando cikin safa. A rage murya, domin akwai birai iri-iri har da cimpanzi, kodayake an fi jin kukansu ko ganin sheƙar da suke kwana a kan bishiya fiye da ganinsu ido da ido.

Da an kai ƙasan kwari sai a huta a duba agogo tare da jagora. Idan lokaci ya ƙure ko wani ya fara ɗingishi, a koma ta hanyar da aka zo, tunda ita aka sani. Idan lafiya lau, a kama hawa a hankali, mafi rauni a gaba, ana tsayawa ana mayar da numfashi, da niyyar a yi sallar la'asar a saman tudu.